YANKAN KARKACE A KAN INJIN ZARTO

Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi wajen fada, in dai ya kasa kunne, da wuya ya rasa jin ƙarar injin zarto daga wani lungu. Ni kam na saba da wannan ƙara, gama kowane dogon hutu a shagon kawuna na ke yinsa. Kafinta ne, ya fi shekara 30 yana sana'ar, kuma yatsunsa goma cif. Na faɗi haka ne domin ba kowane tsohon kafinta ne zai ɗaga hannuwansa biyu ka ƙirga goma ba. Da yawa daga cikinmu iyayenmu kan tura mu koyon sana'a in an yi hutu, wannan kuwa abu ne mai kyau ƙwarai. Amma akwai wani irin yanka da ya kamata yaro da mahaifinsa duka su san yadda ya ke tun kafin a bar yaron ya tsaya gaban inji, watau yankan karkace.

Dubi firam ɗin madubin da ke ɗakin mahaifiyarka. A kowace kusurwa katako biyu sun haɗu, amma ba kan ɗaya ne ya tokari cikin ɗaya ba. An yanke bakin kowannensu a karkace, digiri 45, su biyun suka haɗa 90. Turawa suna da sunan da su ke kiran wannan haɗi, wanda in Bahaushe ya faɗa sai ka ji kamar ya ce "maita". Ranar da na fara jin Kawu ya ce da wani yaro, "Kai, zo ka gama maitar nan," sai da gabana ya faɗi.

Sanin amfanin karkace ba baƙon abu ba ne a birnin nan. Tun zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, sa'ad da Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a, maginanmu sun san yadda a ke gicciya azara a kusurwar ɗaki domin a rage faɗin da za a rufe. Sai dai su da gatari da gizago su ke aiki, abin da ba ya motsi sai hannu ya motsa shi. Inji kuwa ba ya jiran hannun kowa.

Lissafin kansa ba shi da wuya. Raba 180 da yawan gefunan abin da za ka yi. Mai gefe 4, digiri 45 ke nan. Mai gefe 6, digiri 30. Teburin shayi mai gefe 8, digiri 22 da rabi. Inda wuyar ta ke shi ne kuskure ba ya tsayawa wuri ɗaya. Firam mai kusurwa 4 yanka 8 ya ke ci, saboda haka in ma'auninka ya kauce da rabin digiri kawai, sa'ad da ka zo haɗa kusurwar ƙarshe za ka tarar da gibin digiri 4, wanda ko makaho ya shafa zai ji. Daga nan sai zuciya ta ce, "Bari in ɗan sake aske bakin guntun nan." Wannan ɗan askin na biyu, wanda a ke yi cikin fushi a kan guntun katako, shi ya fi cin yatsu. Maganinsa a gwada a kan yayi tukuna: yanki guntaye biyu na banza, ka haɗa su, ka ɗora sikwaya. In haske bai wuce ba, to, sai ka taɓa katakon mutane.

Yanzu bari mu dubi injin. Tebur ne mai tsaga a tsakiya, faifan zarto ya leƙo ta cikin tsagar. A gefe akwai dogon ƙarfe kwance daura da faifan, wanda katako ke bin jikinsa in za a tsaga shi ta tsawo. Zan kira shi shinge. Akwai kuma ma'aunin kusurwa, wanda ke gudu cikin wani kwari a kan tebur, shi ke tura katako in za a datse shi ta faɗi. A bayan faifan akwai wani siririn ƙarfe a tsaye mai hana tsagar da aka yi ta rufe ta matse zarton, a bisa kuma akwai murfi.

A ɗauka faɗin faifan santimita 25 ne, yana juyawa sau 3,000 a minti. Duk wanda bai yi barci a ajin lissafi ba zai iya fitar da cewa bakin faifan yana gudun kilomita 141 a awa, ya fi motar haya a hanyar Kaduna. In haƙoransa 40 ne, to, haƙori 2,000 ke wucewa a daƙiƙa guda. Kafin kwanya ta ce wa hannu "janye", ɗaruruwan haƙora sun riga sun bi ta kansa. Don haka batun "ai ni ina da zafin nama" bai ma taso ba.

Ga abin da yawancin yaran shago ba su lura da shi ba. Haƙoran gaba, na wajen mai yanka, ƙasa su ke yi, suna danne katako a kan tebur. Haƙoran baya kuwa sama su ke yowa, sa'an nan su nufo mai yanka. Muddin katako na tafiya sak, haƙoran gaba kaɗai ke cinsa. Da ya ɗan juya, ko ya matse, sai na baya su cafke shi, su ɗaga shi, su wurgo shi. Kawu yana kiran wannan harbi, kamar na jaki, kuma sunan ya dace, domin ba sallama. Harbi yana ɓarna iri biyu. Ko dai katakon ya doki ciki ko fuska, ko kuwa, wanda ya fi muni, ya fizgi hannun da ke riƙe da shi ya kai shi kan zarto. A Amurka, inda a ke ƙirga irin waɗannan abubuwa, hukumar da ke kula da lafiyar kayan da a ke sayar wa jama'a ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne faifan irin wannan inji ke yanka kowace shekara, wajen 4,000 daga cikinsu har su rasa yatsa ko wani sashe na hannu.

Ni ganau ne. A hutun bara, ana saura kwana huɗu ɗaurin auren wata yarinya, aka matsa wa shagon da ke daura da namu lamba a kan kayan ɗakinta. Maigidan ya tafi 'Yan Katako a Sabon Gari sayo filawud, ya bar babban yaronsa, wanda bai fi ni da shekara biyu ba. Saura firam ɗin madubi. Guntun da zai yanka bai kai tsawon taƙi ba, ma'aunin kusurwa kuma ya daɗe da ɓata. Sai ya ja layi da fensir, ya riƙe guntun da hannu biyu, ya nufi zarto yana bin layin da ido. Muna cikin shagonmu muka ji wani "ƙwas!", sa'an nan salati. Guntun ya huda silin, shi kuwa kan yatsunsa biyu na hannun dama sun tafi. Yaron nan ba sakarai ba ne, ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba. Ya sha yin haka yana tsira, shi ya sa ya ɗauka hanya ce.

Da yamma Kawu ya kira ni gaban injinmu, ya zare wayarsa daga bango, ya ce, "Ɗana, me ya cuci yaron nan?"

Na ce, "Gaggawa, Kawu."

Ya ce, "Gaggawa ta taimaka. Amma ko da wuni guda ya ba aikin, da hannu ba a riƙe wa inji katako. Abu biyu za ka riƙe. Katako ya sami majingina ɗaya tak, ba sifiri ba, ba biyu ba. Guntun da zai fita kuma ya sami hanyar fita."

Na yi ta juya maganar nan, sai na ga kusan duk ƙa'idodin yankan karkace daga cikinta suka fito.

Yankan karkace iri biyu ne. Na farko shi ne a bar zarto a tsaye, a karkata katakon, kamar na firam. A nan majingina ita ce ma'aunin kusurwa. Amma akwai wata matsala da ba ta cikin yanka miƙaƙƙe. In katako yana kwance sosai a gicciye, duk ƙarfin zarto yana danna shi ne jikin ma'auni. In aka karkata shi digiri 45, ƙarfin sai ya rabu gida biyu masu nauyi ɗaya: ɗaya na danna shi, ɗaya na sa shi ya zame ta jikin ma'aunin. Katakon sai ya riƙa rarrafe a hankali ba ka sani ba, yankan ya lalace, yatsunka kuma su bi shi. Abin yi shi ne a ɗaura wa ma'aunin wani miƙaƙƙen katako mai ɗan tsawo a fuskarsa, a manna masa samfefa da gam domin ya kama, sa'an nan a sa ƙarfen matsi a ɗaure katakon da za a yanka. In guntu ya yi gajarta har hannu zai kusanci faifan da ƙasa da santimita 15, kada a yanke shi haka. A yanka karkacen a bakin dogon katako tukuna, daga baya a datse tsawon da a ke so.

Kada kuma a yarda a haɗa ma'auni da shinge a yanka ɗaya. Yara suna son yin haka domin guntaye su fito tsawo ɗaya: su tura katako da ma'auni, bakinsa na gogar shinge. Majingina biyu ke nan. Da zarar yankan ya ƙare, guntun yana nan maƙale tsakanin faifai da shinge ba mai riƙe da shi, ga shi kuma da baki mai tsini. Ɗan juyi kaɗan zai yi, haƙoran baya su harbo shi kamar kibiya. Mai son tsawo ɗaya sai ya ɗaure ɗan toshi a jikin katakon ma'auni, ya ture shingen can nesa.

Abin da ya fi duka kyau ga firam shi ne allon turi, kuma ba saye a ke yi ba. Filawud ne mai faɗi, a ƙarƙashinsa an kafa sirara biyu masu gudu cikin kwarin tebur, a bisansa an kafa katako biyu da suka haɗu suka yi kusurwa 90 daidai, tsininsu na kallon zarto. Akwai wata hikima a cikinsa da ta burge ni. Ka yanka bakin katako ɗaya a hagu, abokin haɗinsa a dama. Ko da allon ya ɗan kauce, hagu ta ba da 44, dama za ta ba da 46, in aka haɗa dai 90 ne. Ga daidaito, ga hannu nesa da haƙora.

Iri na biyu shi ne a kwantar da faifan zarton kansa, kamar in za a haɗa gefunan akwati ko a fitar da bakin tebur a jirge. Kafin kome a zare waya. A kwantar da faifan tukuna, sa'an nan a daidaita tsayinsa, haƙora su ɗara katako da kamar milimita 6 kawai. A tuna faifan da ke cin kaurin santimita 8 a tsaye ba zai ci 6 ba in ya kwanta digiri 45. Sai a juya shi da hannu zagaye guda, a tabbata bai taɓa bakin tsagar tebur ba, bai taɓa murfi ba, kuma ma'auni zai wuce ba su gamu ba.

To, a wane gefe za a sa shinge? Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Wasu injuna hagu su ke kwantawa, wasu dama, saboda haka haddace "hagu" ko "dama" ba shi da amfani. Abin haddacewa shi ne kan faifan ya kwanta yana guje wa shinge. In ya kwanto wajen shinge, katakon da ke tsakani ya shiga kurkuku: tebur a ƙasa, shinge a gefe, zarto ya rufo ta sama. In ya ɗan motsa ba inda za shi sai cikinka. In kuwa faifan ya kwanta yana guje wa shinge, katakon yana bisa zarton ne, sama a buɗe, guntun da ya fita kuma ya faɗa fili. Har wa yau akwai wata riba. In za ka jirge gefe na biyu, tsinin gefen farko zai kasance a sama, yana bin fuskar shinge, maimakon ya kwanta a tebur ya kutsa ƙarƙashin shingen ya maƙale ana tsakiyar yanka.

Turawa kuwa da sandar turi a ke yi, mai ɗan ƙugiya a gindi, wadda ke danna katako ƙasa tana tura shi gaba, har ya wuce bayan faifan sarai. Mai yanka ya tsaya a ɗan gefe, ba a saitin faifan ba. Bayansa ma kada kowa ya tsaya. Wannan ya shafi ƙannenmu da a ke aikowa ɗibar garin katako da guntaye domin hura wuta, waɗanda kan durƙusa daidai inda harbi ke sauka. Su jira a waje sai an kashe inji. Guntun da ya rage kusa da faifai kuma a bar shi sai faifan ya tsaya cik, gama yakan daɗe yana juyawa shiru bayan an kashe.

Wani zai ce duk wannan labarin injin kanti ne, alhali da yawa daga injunan da ke birni haɗin gida ne: teburin katako, da sandar ƙarfe, da bel, da mota, shinge kuwa wani katako ne da a ke bugawa da ƙusa. Gaskiya ne. Irin wannan ba ya kwantawa, ba shi da kwari, ba ƙarfen baya, ba murfi. Ana iya yi masa allon turi mai bin gefen tebur, maƙeri kuma zai iya ƙera masa ƙarfen baya, kaurinsa ya ɗan gaza faɗin tsagar da haƙora ke yi. In ba a yi waɗannan ba, ra'ayina shi ne kada a yi yankan karkace a kansa sam. A ɗauko zarton hannu da akwatin yanka, watau ɗan kwami na katako mai tsagar 45 a gefunansa. Yanka 8 na firam guda ba zai ci rabin awa ba.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ba a shiga gaban inji da babbar riga ko kaftani mai faɗin hannu, ko zobe, ko agogo, ko carbi a wuya. Safar hannu ma haɗari ce, domin haƙori ya kama zare ya ja hannu duka. A sa tabarau. A duba tsohon katako ko da ƙusa a ciki. Ɗanyen katako da ya zo daga kudu bai bushe ba yakan matse zarto, in ma an tsira da wannan, hunturu na zuwa zai tsuke, haɗin ya buɗe baki ta ciki. Sa'an nan ga namu na gida: in an ɗauke wuta ana cikin yanka, abu na farko a kashe makunni, a janye katakon. An sha barin inji a kunne a tafi salla, wuta ta dawo ya tashi shi kaɗai da katako a bakinsa.

In tsautsayi ya auku, a danne ciwon da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kada a riƙa buɗewa ana leƙe. Ban da zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko man birki. In yatsa ya fita, a naɗe shi cikin tsabtataccen ƙyalle mai ɗan damshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kanta. A nufi babban asibiti nan take, ba kemis ba, a kuma yi maganar allurar tetanus.

A 1999 wani Ba'amurke, Steve Gass, ya ƙirƙiro wata dabara wadda aka fara sayar da injunanta a 2004 da sunan SawStop. Ana sa wa faifan 'yar wutar lantarki kaɗan. Da fatar mutum ta taɓa shi sai wutar ta canja, wani curin alminiyam ya faɗa cikin haƙora, faifan ya tsaya ya nutse ƙarƙashin tebur cikin kashi 5 daga 1,000 na daƙiƙa. Sau da yawa ƙwarzane kawai a ke samu. Amma yana da tsada, ɗanyen katako na iya ruɗinsa, kuma ba ya hana harbi. Da na ba Kawu labarinsa sai ya ce madalla, amma kafin ya iso Ƙofar Doka a miƙo masa sandar turinsa.

Iyayenmu, in za ku kai yaro shago, ku ɗan tsaya ku dubi injin kafin ku yi sallama da maigidan. Ku tambaye shi ina sandar turi, ina ƙarfen baya, kuma wa ke tsayawa kan yaro in shi ya fita. Maigidan kirki ba zai ji haushin tambayar ba. Yaron makwabtanmu ya warke, ya koma shago, amma yanzu fenti da shafa ya ke yi, kuma da hagu ya ke koyon rubutu. Ni kuwa har yau Kawu bai bar ni na kunna inji ba. Firam uku na yi da zarton hannu, na farko ya shiga murhu, na biyu yana rataye a zaurenmu da ɗan gibi a kusurwa ɗaya wanda na cike da gam da garin katako. Na ukun ne ya ɗora wa sikwaya ya yi shiru, sa'an nan ya ce in Allah Ya kai mu hutu mai zuwa, ni zan ƙera sabon allon turi na shagon.